Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Irin Attarugu da Renonsa

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a lokacin da gidanmu ya rungumi noman rani a yankin Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da gonakin Kura, Bunkure da Garun Malam. Yau bayani zan yi kan aikin da cinmu da shanmu suka rataya a kansa, wato irin attarugu.

Iri a gona ake zaɓensa, yana kan uwarsa. Busasshen barkonon kasuwa na miya ne. Galibi tun bai gama nuna ba aka tsinke shi, aka shanya a bakin kwalta ko kan kwano, zafin rana ya kashe ƙwayar. Ido ba ya gane wannan, sai an shuka an ji shiru. Don haka tun tsinka ta biyu manomi zai zaga gonarsa ya ɗaura ƙyalle a jikin itacen da ya fi lafiya da yawan 'ya'ya, wanda ganyensa bai nannaɗe ba. A bar 'ya'yansa su yi jawur, sannan a cire.

Tattasai da shambo dangin juna ne na kusa. In suna maƙwabtaka, ƙudan zuma na haɗa furensu, baɗi ka shuka tattasai ya fito da yaji. Haka irin gwangwani ko na fakiti mai rubutun F1, 'ya'yansa ba sa gado uwarsu, kowace shekara sabo ake saye. Mai saye ya duba kwanan wata, ya guji fakitin da ya sha rana a kan tebur.

Wajen cire ƙwaya a sa leda a hannu, domin yajin yana kwana a farce. A tsaga, a kankaro ƙwayar, a zuba a ruwa. Mai tasowa sama yawanci fanko ce, a zubar. Wadda ta nutse a baza ta kan faifai a inuwa mai iska, kwana 5 zuwa 7, har sai in an lanƙwasa ta karye ƙas. A zuba a kwalba mai murfi tare da ɗan busasshen toka, a ajiye a ɗakin ƙasa mai sanyi. A zafin ƙasarmu, irin da ya haura shekara 2 ba abin dogaro ba ne.

Kafin a ɓata fangali a gwada. A ƙirga ƙwaya 20, a naɗe a tsumma mai laima, a sa a leda, a ajiye wuri mai ɗumi. In 16 sun tsaga, iri ya yi. In ba su kai 10 ba, a nemi wani tun da sauran lokaci.

Fangalin reno faɗinsa mita 1, a ɗaga shi kamar taƙi guda don kada ruwa ya kwanta. A gauraya ƙasar da takin gida wanda ya ruɓe sarai, ɗanyen kashin kaji ƙona tsiro yake. A jiƙa irin ya kwana a ruwa mai ɗumi-ɗumi, a tsane, a ja layuka da yatsa, tazarar santimita 10, zurfin bai wuce santimita 1 ba. Na fi son layi a kan yafi, saboda yana sauƙaƙa cire ciyawa da rage cunkoso. A rufe da ƙasa mai laushi, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa marar 'ya'ya, a yayyafa ruwa ta samanta. Tururuwa na kwashe ƙwaya cikin dare, shi ya sa ake cuɗa iri da garin maganin ƙwari da ake sayarwa a shagon kayan gona.

A nan ne mutane da yawa ke asara. Tattasai kan fito cikin kwana 7 zuwa 10, amma attarugu yana ɗaukar mako 2, wani sa'in 3. Mai gaggawa in ya ga shiru sai ya ƙara ruwa, ƙwayar ta ruɓe a ƙasa, ya ce iri ne ba kyau. Laima take so, ba caɓi ba: ka dunƙule ƙasar ta kama, amma kada ruwa ya ɗiga. Ɗumi kuma tsakanin digiri 25 zuwa 30. Shi ya sa renon da aka zuba a tsakiyar hunturu, Disamba da Janairu, yake jan ƙafa. Na rani a zuba shi a Satumba ko farkon Oktoba. Na damina a Afirilu ko Mayu, amma da rumfar kara, kuma ban ruwa safe da yamma.

Ranar da aka ga tsiro ya turo ƙasa a lanƙwashe, a ɗage ciyawar, in ba haka ba ya yi dogon wuya fari fat, iska kaɗan ta kwantar da shi. In kuma aka ga wuyan tsiro ya tsuke ya yi baƙi daidai ƙasa yana faɗuwa, cuta ce ta yawan ruwa da cunkoso. A tuge waɗanda suka kamu har da ƙasarsu, a rage ruwa, a sassauta rumfa.

Bayan mako 6 zuwa 8, da ganye 5 ko 6, ya isa dashe. Saura mako guda a cire rumfa a rage ruwa don ya saba da rana. Bayanin dashen kansa sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.