Takardar da ta ci mini makonni uku a darasin zayyana da yanayi

Har yanzu takardar tana cikin jakata, kuma duk sanda hannuna ya kai kanta sai haushin kaina ya dawo mini sabo. Shafi ɗaya ce tak. A samanta na jera kalmomin Turanci 40 da ake bayyana yanayin labari da su, irin su baƙin ciki da fargaba da kaɗaici da annashuwa da ɗoki, a ƙasanta kuma na zana jadawali mai gida biyar, gida guda ga kowace kafar ji, wato gani da saurare da sansana da ɗanɗano da taɓawa. Kwana biyu na yi ina tsara ta, sannan na raba wa ɗalibai 34 na ajin babbar sakandare da nake koya wa adabin Turanci tun a ranar farko, ina ganin na share musu hanyar fahimtar zayyana, wato hotunan da marubuci ke zanawa da kalmomi, da kuma yanayi a gajeren labari. Ashe garin neman gira ido zan rasa.

Makon farko bai ba ni wata wahala ba. Sun haddace bambancin kamantawa da siffantawa, sun gane mutuntarwa idan sun gan ta, kuma duk tambayar da na jefa sai in ga hannaye a sama. Labarin da muke karantawa shafi shida ne: wata dattijuwa ce zaune ita kaɗai a gida cikin tsananin zafi, tana jiran saƙo daga ɗanta da ya daɗe bai waiwaye ta ba, har labarin ya ƙare saƙon bai zo ba, sai dai ruwan sama ya sauko. Na raba karatunsa zuwa darasi huɗu na minti 40, muna tsayawa a kowane sakin layi domin su ja layi a ƙarƙashin zayyana su kuma saka ta a gidanta cikin jadawalin. Ajin ya yi armashi ƙwarai, har na yi wa wani abokin aikina alfahari da shi.

Da na ɗauko insha'insu zan yi maki ne jikina ya yi sanyi. Cikin takardu 34, guda 29 suna ɗauke da jimla ɗaya, kusan kalma da kalma: wai marubucin ya yi amfani da zayyana domin ya samar da yanayi na baƙin ciki. Bayan wannan jimla sai su kwafo layi daga labarin, su ce wannan zayyanar gani ce, wancan ta saurare ce, su rufe. Babu wanda ya faɗi yadda aka yi ƙudan da ke dukan gilashin taga ya haifar da abin da suka kira baƙin ciki, ko dalilin da ya sa marubucin ya zaɓi ƙuda bai zaɓi tsuntsu ba. Abin takaicin shi ne tsarin makin da ni na rubuta da hannuna ya tilasta mini in ba su maki mai kyau, domin na ware maki ga wanda ya ambaci sunan adon harshe, maki ga wanda ya kawo misali, maki ga wanda ya raɗa wa yanayin suna. Wani yaro da ya sami 8 cikin 10 na tambaye shi washegari abin da dattijuwar take jira, ya yi shiru, can ya ce yana jin mijinta ne.

Laifin ba nasu ba ne. Na miƙa musu kalmomi kafin su ji komai a ransu, sai karatu ya zamar musu farauta: a kama zayyana, a jefa ta a keji, a zaɓi kalma daga jeri a liƙa mata. Jadawalin nan mai gida biyar ya kuma koya musu wani abu da ban yi nufi ba, wato cewa gwanintar marubuci tana ga yawan gidajen da ya cike. Da na ce su rubuta nasu sakin layi mai ban tsoro, sai ga dare mai duhu, mai sanyi, mai ban tsoro, da iska mai ƙarfi, mai wari, mai ɗaci, sifa a kan sifa har numfashi ya ɗauke, amma ko gashin jikin mutum ɗaya ba zai tashi ba.

Duk wannan da sauƙi a kan abin da na yi wa wata yarinya mai zama a layin baya, wadda ba ta cika magana ba. Ita ba ta rubuta jimlar jama'a ba. Cewa ta yi ruwan da ya sauko a ƙarshen labarin sauƙi ne ya zo wa dattijuwar, kuma mai karatu yana rufe labarin da ajiyar zuciya irin ta wanda aka sauke wa kaya. Na ja jan biro a gefe na rubuta cewa ta sake dubawa, ruwan sama a nan alamar hawaye ne, na zaftare mata maki uku. Bayan kwana biyu ta tsaya bayan an tashi, ta ce, “Malam, don Allah ina so in nuna maka wani abu.” Ta buɗe labarin ta bi da ni shafi uku na farko: wuyan rigar dattijuwar da ya manne mata da gumi, tagar da ta cije ta ƙi buɗuwa, ƙudan nan da ya rasa mafita, agogon bango da ya tsaya. Ta ce duk abin da ke ɗakin a maƙale yake. Sannan ta juya shafi na ƙarshe ta nuna mini cewa da ɗigon farko ya faɗi dattijuwar ta miƙe ta buɗe ƙofa, kuma nan ne karo na farko da wani abu ya buɗe a cikin labarin gaba ɗaya. Har ta lura cewa jimlolin da suke gajeru, a datse, sun koma dogaye a wannan wurin, ko da yake ba ta san yadda za ta faɗe shi da kalmomin jarrabawa ba.

Gaskiyarta ce, kuma kunya ta rufe ni. Ni da nake ƙorafin ɗalibai suna liƙa kalma ba tare da karatu ba, abin da na yi ke nan: na shigo da haddar cewa ruwan sama baƙin ciki ne, rana farin ciki ce, hazo ruɗani ne, na ɗora wa labarin ba tare da na saurare shi ba. Tun 1856 John Ruskin, wani marubuci ɗan Ingila, ya yi dogon sharhi a kan ɗabi'ar marubuta ta jingina wa gajimare da teku da ganyaye irin abin da ke zuciyar ɗan Adam, kuma na sha koyar da wannan a matsayin adon harshe, amma ban taɓa faɗa wa ɗalibai cewa marubucin kirki yakan san abin da mai karatu ke tsammani daga ruwan sama ya kuma juya shi da gangan ba. Ma'anar hoto tana fitowa ne daga hotunan da suka gabace shi a cikin wannan labarin, kuma jadawalina ya tsinke kowane hoto daga 'yan'uwansa ya ajiye shi shi kaɗai a gida. Na mayar mata da makinta a gaban ajin, na kuma faɗa musu dalili.

Daga nan na karɓe takardar daga hannun kowa, muka koma farko, makonni uku sun riga sun tafi. Abu na farko da na gyara shi ne yadda ake karatun. Edgar Allan Poe, marubucin gajerun labarai ɗan Amurka, ya rubuta a 1842 cewa ƙarfin gajeren labari yana ga tasiri guda ɗaya da marubuci ya ƙudurta tun daga jimlar farko, kuma wannan tasiri ba ya samuwa sai an karance labarin a zama ɗaya. Na san wannan magana tun ina ɗalibi, amma na yanka labari mai shafi shida gida huɗu, da kwana ɗaya ko biyu tsakanin kowane yanki. Wane yanayi ne zai rayu a haka? Sai na ɗauko wani labarin, na ce kowa ya ajiye biro ya rufe littafi, na karanta musu shi da babbar murya daga farko har ƙarshe cikin minti 15. Da na gama ban tambayi sunan yanayin ba. Na ce kowa ya rubuta, da irin Turancin da yake magana da shi, abin da ya ji a jikinsa da kuma daidai wurin da abin ya canza. Wani ya rubuta cewa ya ji kamar ana binsa a baya. Wata ta ce ta so a daina karantawa amma kuma ba ta so a daina ba. Wannan amsa ta fi duk kalmomi 40 ɗin nan daidai, kuma daga irinta ne muka koma cikin rubutun muna neman layin da ya jawo ta.

Darasin da ya fi kowanne aiki ban tsara shi da wata dabara ba, haushi ne ya haife shi. Na ɗauki sakin layi mafi ƙarfi a labarin dattijuwar na kwashe duk zayyanar da ke ciki, na bar ƙashin zancen kawai: akwai zafi, tana jira, tana cikin damuwa. Na rubuta shi a allo kusa da na asali, na tambaye su abin da ya ɓace. Nan ajin ya kaure da gardama, domin bayanin duk yana nan, ba a rasa ko ɗaya daga abubuwan da suka faru ba, amma kowa ya ga cewa na biyun gawa ne. Sai muka riƙa mayar da hotunan ɗaya bayan ɗaya muna duba wanda ya fi dawo da rai, suka gano da kansu cewa aikatau ya fi sifa ɗaukar nauyi: tagar da ta cije ta fi taga tsohuwa mai nauyi mai ƙura. A nan ne na kawo musu shawarar da Anton Chekhov, marubucin gajerun labarai ɗan Rasha, ya ba ɗan'uwansa Alexander a wata wasiƙa ta 1886, cewa idan yana son ya nuna daren farin wata, ya isa ya ambaci ƙyallin fasasshiyar kwalba a kan madatsar ruwa da baƙar inuwar kare ko kyarkeci tana wucewa. Ƙananan abubuwa biyu, ba jeri ba. Da na kawo wannan a makon farko da sun haddace shi kamar sauran, amma yanzu sun riga sun gani da idonsu kafin su ji wani babba ya faɗa.

Aikin rubutun da ya biyo baya yana da doka ɗaya: a zayyana ɗaki guda sau biyu, da kaya iri ɗaya a ciki, sau ɗaya ta idon wanda ya dawo gida bayan doguwar tafiya, sau ɗaya ta idon wanda zai bar shi har abada, kuma an haramta duk wata kalma da ke ambaton abin da ke zuciya. Suka yi musaya da juna, kowa ya faɗi abin da ya ji daga rubutun abokinsa, idan bai yi daidai da nufin mai rubutun ba sai a koma a nemi hoton da ya karkatar da shi. Yaron nan mai 8 cikin 10 ya rubuta cewa mai tafiyar ya gyara zaman kujera, ya kai bakin ƙofa, ya dawo ya mayar da ita a karkace yadda take. Na karanta layin sau uku.

Wani abu da ya ci gaba da ba su wahala, kuma ban ce na gama maganinsa ba, shi ne rarrabe yanayin da mai karatu ke shiga da kuma matsayin mai ba da labari game da abin da yake faɗa. Labari yana iya zuwa da murya mai sanyi, ko ma ta barkwanci, alhali mai karatu yana cikin firgici, kuma sau da yawa wannan saɓanin ne ke ƙara firgicin. Abin da ya ɗan taimaka shi ne tambaya biyu da nake sa su amsa a rabe: yaya mai maganar yake ji game da abin, kai kuma yaya kake ji? Waɗanda Turanci ba shi ne harshen gidansu ba sun fi shan wuya a nan, domin ƙamus yana ba su ma'anar kalma amma ba ya ba su nauyinta, sai kalmomi biyu da ke nufin siriri su zamar musu ɗaya, alhali ɗaya yabo ce ɗaya kuma tana nuna rama da jinya. Wannan sai da zama da su kalma bayan kalma, kuma makonnin da zan yi hakan su ne takardar ta cinye.

Tsarin makin ma na sake shi. Ambaton sunan adon harshe yanzu maki ɗaya ne kacal, sauran duk suna ga bayanin yadda wannan hoto, a wannan wuri, bayan abin da ya gabata, ya sa mai karatu ya ji abin da ya ji. Kalmomin nan 40 na mayar musu da su a makon ƙarshe, lokacin da suke da abin faɗa suna neman kalmar da ta fi dacewa, kuma a nan sun yi amfani. Jadawalin kafofin ji kuwa ban sake fito da shi ba.

A jarrabawar ƙarshen zango mutum shida sun sake rubuta mini tsohuwar jimlar nan ba ko canjin waƙafi, abin da aka fara zubawa a kai yana da wuyar fita. Yarinyar layin baya ta rubuta shafi biyu a kan wata fitila da ake ta rage mata haske a cikin labarin da aka ba su, ba ta ambaci kalmar zayyana ba sai sau ɗaya. Abokin aikin nan da na yi wa alfahari a makon farko ya zo neman takardar domin nasa ajin, na zaunar da shi na ba shi labarin duka, har da maki ukun da na zaftare, na roƙe shi ya riƙe ta sai ƙarshe. Ya gyaɗa kai ya yi godiya. Ranar Litinin da na wuce ta ƙofar ajinsa na hango ta a kan kowane tebur, yara sun duƙufa suna jan layi.