Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Fuskar da Na Farka da Ita

Makon jiya mun tsaya a daidai lokacin da aka tura ni ɗakin tiyata don a cire mini ƙarin da ya tsiro a cikin kaina. Awa bakwai likitoci suka yi suna aiki ta bayan kunnena na hagu. Na farfaɗo cikin dare, kaina naɗe da bandeji, ɗakin yana ta juya mini.

Kwana uku Inna ta hana a ba ni madubi. Ni kuwa na riga na gane, don da na kurɓi koko sai ya zubo ta gefen bakina, idona na hagu kuma ya ƙi rufuwa. Rana ta huɗu na karɓi wayar ƙanwata na dubi kaina. Bakina ya karkace zuwa dama, ɓarin hagu ya saki, girar ta faɗo kan ido. Na fashe da kuka, amma rabin fuskata kaɗai ke kukan.

Da likita ya zo zagayen safe, na ce, "Likita, haka zan ƙare?"

Ya ja kujera ya zauna. Ya ce jijiyoyi 12 ne, bibbiyu, ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa. Ƙarin nawa ya tsiro ne a kan ta 8, mai kula da ji da daidaiton tafiya. Ta 7, wadda ke motsa fuska, tare suke bi ta wata 'yar ƙofa a cikin ƙashi, kuma ƙarin mai santimita 3 ya danne ta har ta yi laɓa-laɓa. "Malama, ba mu yanke ta ba, wahala ta sha. Jijiya a hankali take warkewa, sai mu ba ta wata shida zuwa shekara." Ƙarin ba na daji ba ne, alhamdulillahi. Jin kunnen hagu dai ya tafi ke nan, kuma tun kafin aiki na sa hannu a kan hakan.

Ido ne ya fi damun su. Idon da ba ya rufuwa bushewa yake yi har ya yi gyambo. Bini-bini a ɗiga magani, da dare ƙanwata ta liƙe shi da filasta. Gwaggo ta ce iska ce ta buge ni, har ta aiko da turare. Ban ga laifinta ba, ni ma da haka zan ce.

Abin da ban gaya wa kowa ba sai yau: shekara 11 ina koyar da yara karatun Alƙur'ani a Islamiyya, ina gyara musu "ba" da "mim", haruffan da sai leɓe ya haɗu suke fita. Ranar da na fara alwala, ruwan kurkure ya tsiyayo mini a ƙirji. Na zauna na tayar da sallah, na zo Bismillah, iska ta kuɓuce ta gefen bakina. Sai da na sa yatsa na tallafe leɓen sannan "ba" ta fito.

Ranar da aka sallame ni, maigidana bai zo ɗaukata ba, ƙaninsa ya aiko. Daga nan za mu tashi mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.