Godiya ga waɗanda suka ɗauke mana akwatin ƙarfen Baba

Assalamu alaikum. A madadin mahaifinmu da dukkan iyalinsa, muna miƙa godiya ga bayin Allah da suka tsaya mana ranar Asabar ɗin da ta wuce, har aka ɗauke akwatin ƙarfen da yake ajiye bindigarsa ta farauta da lasisinta da takardun gida, daga Unguwar Dosa zuwa inda muka koma. Da gangan muka bar sunan sabuwar unguwar, don wurin ajiyar makami ba abin shela ba ne. Alhamdu lillahi, ba wanda ya ji ciwo, ko tayil ɗaya bai fashe ba.

Akwatin ya kai kilo 400, wato buhun siminti takwas a dunƙule. Tsayinsa mita ɗaya da rabi, faɗinsa santimita 75, zurfinsa 60. Ƙofarsa ta fi ko'ina kauri, saboda haka nauyin ya rinjaya gaba. In ta buɗe ana cikin turi, kifewa zai yi a kan wanda ke gabansa, kuma ba ƙarfin da zai tare shi.

Godiyarmu ta farko ga shugaban 'yan dakon, dattijon da ya zo tun ranar Alhamis da tef ɗin awo kawai. Ya auna ƙofofi uku da lungun da ake karya kwana. Ƙofar ɗakin santimita 80 ce, muna ganin da gefe zai wuce cikin sauƙi, sai ya ce, "Alhaji, hannun buɗewa da hinji ma ana lissafa su." Su kaɗai sun ƙara kusan santimita takwas. A wurin juyawa kuma daga kusurwa zuwa kusurwa ya auna, ya samu 96, lungun kuwa 110 ne. Wannan awon ne ya hana mu fasa gini.

Ranar aikin Baba da kansa ya fitar da bindigar, ya karya ta, ya leƙa bakunan biyu ya tabbatar ba komai. Harsasai aka sa a wani akwatin daban, suka tafi a motarsa tare da lasisin. An cire katakan ciki, an kuma fitar da makullin ko-ta-kwana. Mutane da yawa a ciki suke barin sa, ranar da batirin lambobin ya mutu su rasa ta inda za su shiga.

Mai walda daga Panteka, Allah ya yi wa sana'arka albarka. Noti huɗu ne suka riƙe akwatin da ƙasa, biyu sun yi tsatsa saboda ruwan goge-goge da ke kwanciya a gindinsa. Bai sa wuta ba, bai sa injin yanka ba, don cikin akwatin lulluɓe yake da yadi. Mai ya zuba, ya jira rabin awa, suka kwance. Bayan nan aka kulle ƙofar, aka naɗe jikin da bargo, aka ɗaure da bel biyu.

Ɗagawa ita ce ta fi cin lokaci, kuma a nan muka ga gwaninta. Ƙusoshin da ke cikin daɓe sun leƙo sama kamar santimita uku, dole a ɗaga akwatin ya haye su. Ana cusa dogon ƙarfe ta kusurwar baya, a ɗaga santimita biyu, a tura guntun katako da sanda, a koma ɗaya ɓangaren. Ba a yarda yatsa ya shiga ƙarƙashi ba ko sau ɗaya. Da ya tashi, aka zura filawud mai kaurin milimita 18, aka jera bututun ƙarfe huɗu masu inci ɗaya da rabi a kansa. Ba a ɗora bututu a kan tayil kai tsaye, domin yana tattara nauyin a layi ɗaya, tayil ɗin da ke da rami a ƙarƙashinsa nan take yake darewa. Kullum uku na ƙarƙashi, na huɗun da ya fito ta baya a kai shi gaba. Mutum biyu na turi daga ƙasa da tsakiya, biyu na riƙe da gefe, murya ɗaya tak ake bi. Hannun buɗewa ba wanda ya kama shi, ba a yi shi don ja ba.

A matakala ukun baranda an shimfiɗa katako uku masu kauri, aka tokare su da guntayen katako. Wani ya kawo bulo, dattijon ya ce a mayar, bulo mai rami ba ya gargaɗi kafin ya ruguje. Makaniken da ya ara mana sarƙar ɗaga inji mai ɗaukar tan ɗaya, mun gode. An gitta gungumen katako a bayan ƙofar falo aka ɗaura ta a jiki, ana saki kaɗan-kaɗan daga sama, ba kowa a ƙasa. Wannan lallaɓawar tana da dalili: wasu akwatunan suna da kullin tsaro na biyu da ke faɗawa idan suka bugu da ƙarfi, daga nan ko lambar daidai ce ba za su buɗe ba. Da sarƙar da ƙarfen ratayarta aka ɗaga shi, mota ta yi baya ta shiga ƙarƙashi.

Direban motar Kanta ya tsayar da shi a jikin kan mota, ya sa tsohuwar taya a tsakani, ya ɗaure da bel huɗu, ya bi kowane tudun titi kamar mai ɗauke da ƙwai.

Sabon maƙwabcinmu, wanda ko sunanmu bai gama riƙewa ba, shi ya tsayar da mu a tsakar gida. Hanyar da muka zaɓa ta bi ta kan murfin sokawe ne, ga ƙasa ta sha ruwan damina. Kilo 400 da ƙarti biyar a kan wannan murfin, Allah kaɗai ya san abin da ya kare mu daga gare shi.

Maginin gidan ya nuna mana inda bututun ruwa da na waya suka bi kafin a huda, ya kuma tabbatar daɓen ya wuce kwana 28 da zubawa. An zaɓi bangon ciki, nesa da na banɗaki saboda laima, aka shimfiɗa roba a ƙasa. Ƙusoshin milimita 12 suka ratsa tayil da yaɓen da ke ƙarƙashinsa, suka shiga kankare santimita takwas, don yaɓen kaɗai ba ya riƙe komai. An daidaita shi da ma'aunin ruwa na magina don kada ƙofar ta riƙa tafiya da kanta. Sau uku aka gwada makullin alhali ƙofar na buɗe, kafin a rufe.

Iyayenmu mata da suka tashi tun asuba da kunu da ƙosai, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan magabata. Bututun da filawud an mayar Panteka jiya. Tamfol ɗin da wani bawan Allah ya rufa wa akwatin lokacin yayyafi yana nan a wurinmu a naɗe, mai shi ya yi mana magana mu kai masa har gida.