Sunan da muka raɗa wa gidanmu a Leuven

Sati biyu cur muka yi muna mahawara a kicin kan suna ɗaya, kuma wallahi ban zaci abin zai shiga raina haka ba. Mu shida ne a gidan, kowa da ɗakinsa, kicin da banɗaki ne na haɗaka, irin gidan hayar ɗalibai da mutanen Beljiyam na wannan ɓangaren suke kira kot. Wani ɗan Italiya a cikinmu ne ya ce ai gida sai da suna, a rubuta a katako a maƙala a ƙofa, kuma lallai ya zama Latin ko Girkanci tunda garin nan jami'arsa tun 1425 take, a nan kuma aka kafa Collegium Trilingue a 1517 musamman don koyar da Latin da Girkanci da Ibrananci.

Shi ya fara kawo Insula, wai haka Romawa suke kiran dogayen gidajen haya na talakawa, asalin ma'anar kalmar tsibiri. Ni dai ban so shi ba, mutum ya baro gida ya zo ƙasar sanyi ga kaɗaici kuma a ce masa a tsibiri yake? Sai Contubernium, wato sojojin Roma takwas da suke kwana a tanti ɗaya, ma'anar ta yi amma ya yi tsawo, muka wuce.

Da aka zo kan Hestia ne na yi magana sosai. A wajen Girkawan da, ita ce abar bautar da ke kula da murhu da gida, to na ce musu gaskiya ni ba zan iya kwana in tashi in yi salla a gidan da ke ɗauke da sunan abin bauta ba, kuma na ji daɗi ƙwarai da babu wanda ya ja da ni, nan take aka soke shi.

Ni Stoa na kawo. Wata rumfa ce mai ginshiƙai a bakin kasuwar birnin Atina na Girka inda masanin falsafa Zeno yake zama yana karantar da almajiransa wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, har aka riƙa kiransu da sunan rumfar. Ina karanta wannan sai zauren malaminmu na unguwa ya faɗo min a rai, bayan la'asar kowa da littafinsa a hannu ana jiran layi. Mutum biyu kawai suka goyi bayana.

Sai ɗan Girkan da ke ɗakin sama, wanda duk kwanakin nan bai ce uffan ba, ya ce Xenia. Ya ce daga xenos take, kuma xenos shi ne wanda ba ka sani ba, shi ne kuma wanda ya sauka a gidanka, xenia kuwa haƙƙin da ke kanka na ka ba shi ruwa da abinci da makwanci tun kafin ma ka tambaye shi sunansa. Na ce tsaya tsaya, ai mu ma kalma ɗaya gare mu, baƙo! Wanda ba ɗan gari ba baƙo ne, wanda ka shimfiɗa wa tabarma shi ma baƙo ne, har muna cewa baƙonka annabinka. Sai da na ji ƙwalla a idona ina musu bayani, don mu shidan nan babu ɗan garin ko ɗaya.

Ranar Asabar muka rataye katakon, da baƙaƙen Girkanci a sama na Latin a ƙasa, ni kuma na roƙa aka bar min gefe na rubuta "Sannu da zuwa" da hannuna. Da daddare na dafa mana shinkafa da wake da mai da yajin da Hajiya ta ƙullo min.