Kafin ka taka ƙanƙara, ƙanena

A Katsina ƙanƙara abar saye ce. Da azumi tun kafin la'asar muke fita nemanta, a ɗaure mana ita a leda, mu rungumo ta zuwa gida kamar jaririya don kada ta narke kafin a sha ruwa. Shi ya sa ranar da na kira Hajiyarmu daga birnin Montreal na ƙasar Kanada na ce mata ƙanƙara ta kayar da ni har na karye, sai ta yi jim, sannan ta ce, "Ƙanƙara dai? Wadda ake sawa a zoɓo?" Na ce ita fa, Hajiya. Ta ce, "To kai me ya kai ka hawa kanta?"

Na yi dariya, hannu na zugi. Amma ku da kuke ta haɗa takardun tafiya karatu Kanada ko Rasha ko wata ƙasar sanyi, ku tsaya ku ji amsar. Kowa zai ja muku kunne a kan sanyi, a ce ku nemi riga mai kauri da hula da safa. Da wuya ku sami wanda zai ce muku sai kun sake koyon tafiya, kamar yaron da ya tashi daga rarrafe. Ni an faɗa mini sau ɗaya, na ɗauka zolaya ce.

Kuskurena na farko a kanti na yi shi, tun ƙanƙarar ba ta sauka ba. Na zuba kuɗi masu kauri a kan rigar sanyi, irin mai gashi a bakin hula, saboda ita ce ke fitowa a hoton da za a tura gida. Da aka zo kan takalmi sai rowa ta motsa. Na ce ai na zo da sau-ciki biyu, ɗaya ma na Sallah ne, ƙasansa fata, sumul. Na ƙara da wani but, wato takalmi mai dogon wuya, da na samu a shagon gwanjo. Na leƙa cikinsa na ga gashi, na ce shi ke nan, ban ko juya shi na dubi ƙasansa ba. Alhali a ƙasan ne maganar take. Roba mai tauri tana ƙara sandarewa in sanyi ya tsananta, har ta koma kamar gindin bokiti, ba ta kama komai. Wadda ake so ita ce mai laushi, wadda za ka danna da farce ka ji ta lotsa, mai zane mai zurfi. Wasu ma har cuɗa su ake yi da ɓarɓashi mai kaushi don su ciji ƙanƙara. Kuma kada tsada ta ruɗe ku. A 2016 masu bincike a wata cibiyar gyaran gaɓɓai da ke Toronto sun gwada but ɗin hunturu iri 98. Mutane ne ke sa su, su yi ta tafiya a kan daɓen ƙanƙara ana ƙara karkata shi. Waɗanda suka iya riƙe mutum a karkatar digiri 7 kacal ba su kai goma ba. Lardin Kwibek, inda Montreal take, ya wajabta wa motoci tayoyin hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Mota an yi mata doka, ƙafarka kuwa an bar ka da hankalinka.

Na kuma daɗe ina tsoron abin da bai kai a ji tsoronsa ba. Montreal tana samun kimanin mita 2 na dusar ƙanƙara a shekara, amma sabuwar dusa in ka taka ta ƙurus-ƙurus take yi kamar rairayin bakin rafi, tana riƙe ƙafa. Mugun abu shi ne ranar da gari ya ɗan sassauta, dusa ta narke da rana ta malale a hanya, dare ya yi sanyi ya dawo ya daskarar da ita. Da safe sai ka ga daɓe ya yi baƙi yana sheƙi kamar an yi yayyafi. Ba jiƙa ya yi ba, ƙanƙara ce siririya, garau, launin kwalta kake hangowa ta cikinta. Wanda ya fi wannan sharri shi ne abin da mutanen garin ke kira verglas da Faransanci. Iska mai ɗumi tana sama, mai sanyi tana ƙasa, ruwan sama ya sauko yana ruwansa, yana taɓa abu ya daskare nan take: titi, itace, ƙofar mota, ƙarfen da za ka dafa. Har yau tsofaffin garin ba su daina labarin Janairun 1998 ba, lokacin da irin wannan ruwa ya yi kwanaki yana zuba, nauyin ƙanƙara ya durƙusar da manyan turakun wutar lantarki, miliyoyin mutane suka kwana a duhu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ranar da ma'auni ya nuna digiri 25 ƙasa da sifiri, ranar da hanci ke daskarewa, ta fi sauƙin tafiya. Ƙanƙarar a bushe take, takalmi yana ɗan kama ta. Ranar da ma'auni ke yawo kusa da sifiri, ka fito ka ce Alhamdulillahi yau da sauƙi, ita ce ranar santsi, domin akwai ɗan ruwa-ruwa kwance a saman ƙanƙarar.

Ga wata wauta da na yi wadda har yanzu nake jin kunyar faɗa. Gidaje da yawa a tsofaffin unguwannin Montreal matattakalarsu a waje take, ta ƙarfe, wata ma a murɗe. A hawa na biyu nake. Wata safiya na tarar matattakalar ta daskare, sai dabara ta faɗo mini: na tafasa ruwa a buta, na bi na kwarara daga sama har ƙasa. Ƙanƙara ta narke, tururi ya tashi, na koma ciki ina yaba wa kaina. Bayan rabin sa'a na fito, ruwan ya daskare ya shafe kowane taki kamar gilashi. Da mazaunai na sauko taki huɗu na ƙarshe. Tsohuwar da ke hawa na ƙasa ta leƙo, ta dube ni, ta dubi butar, ba ta ce uffan ba, ta koma ta miƙo mini gwangwani cike da gishiri da tsakuwa. Daga baya na gane gishirin ma yana da iyaka. In sanyi ya wuce digiri 10 ƙasa da sifiri ƙarfinsa yana raguwa sosai, a nan yashi da ƙananan tsakuwa suka fi amfani. Su ba narkarwa suke yi ba, kaushi suke ba ƙafa.

Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Wata Juma'a ce a watan Janairu, a unguwar Côte-des-Neiges, wadda ke jingine a gangaren dutsen Mont-Royal. Na makara, ina so in riski huɗuba. Na sa jallabiya har idon sawu, na ɗora rigar sanyi a kai, na zura sau-cikin Sallah saboda ai masallaci za ni. Safar hannu na manta ta a kan tebur, don haka na cusa hannu biyu a aljihu. An ɗan yi dusa da safe, ta lulluɓe ƙanƙarar jiya kamar an barbaɗa gari a faranti. Na hango bas ta tsaya a ƙasan gangare, na buɗe ƙafa.

Ku lura da yadda muke tafiya a gida. Muna jefa ƙafa gaba, diddige ya fara sauka, jiki yana baya yana biyowa. A kan ƙasa ko kwalta ba laifi, domin ƙasa tana riƙe diddigen. A kan ƙanƙara babu mai riƙe shi. Ƙafar ta ci gaba da tafiyarta, jikin da aka bari a baya ya rasa madogara. Haka ta faru da ni. Ban san lokacin da na bar ƙasa ba. Na dai fizgo hannun dama daga aljihu a makare, na miƙe shi ƙyam, nauyina duka ya sauka a kan tafin. Na ji ƙas.

Abin da na fara yi shi ne waige-waige, ko wani ya gan ni. Wannan kunyar ita ta ja mini kuskure na gaba. Na ce targaɗe ne. Na koma ɗaki na shafa man zafi, na naɗe da ƙyalle, na yi kwana biyu ina cije baki, hannu ya kumbura ya yi suntum. Wani yayanmu ɗan Damagaram, wanda ya riga ni zuwa da shekaru, shi ya zo duba ni. Yana kwance ƙyallen ya ce, "Ƙanena, nan fa babu maɗori. Tashi mu tafi." Hoton ƙashi ya nuna babban ƙashin dantse ya karye daf da wuyan hannu. Karaya ce sananniya, har suna gare ta, sunan wani likita ɗan ƙasar Ireland, Abraham Colles, wanda ya bayyana ta tun 1814, kuma yawanci a haka ake samunta: mutum ya faɗi ya tokare da tafin hannu. Kwana biyun da na ɓata ba abin da suka ƙara mini sai azaba a lokacin da ake mayar da ƙashin mazauninsa. A Kwibek akwai lambar 811 da za ka kira ka yi magana da ma'aikaciyar jinya ta ba ka shawara. Tana nan a jikin takardun da aka ba mu ranar isowa, ban karanta ba. In kuma kan mutum ne ya bugu, aka ga amai ko jiri ko mutum yana ruɗewa, wannan ba ta jira ba ce, 911 ake kira.

Mako shida na yi da siminti a hannu. Da hagu nake cin abinci, ni da aka sha buge wa hannu ina yaro a kan haka. Alwala sai shafa a kan ɗaurin. Maɓallin riga ya zama aikin minti biyar. A cikin wannan zaman ne na samu lokacin tsayawa a taga ina kallon yadda mutanen garin ke tafiya, musamman tsohuwar nan mai gwangwani, wadda ban taɓa ganin ta faɗi ba.

Ga yadda take yi. Taki gajere, bai wuce tsawon takalminta ba. Tafin ƙafa yana sauka gaba ɗaya, ba diddige ba. Ƙafafu a ɗan ware, yatsu na ɗan kallon waje, gwiwa a sake. Tana ɗan sunkuyo da jiki gaba, yadda nauyinta zai zauna daidai kan ƙafar da ta taka. Hannuwa a waje, cikin safa, a ɗan buɗe. Kayan cefanenta a jakar goyo suke. A gangare takan juya ta sauka a kaikaice, a matattakala kuwa ba ta sakin ƙarfen gefe, kuma sai ƙafa biyu sun haɗu a taki ɗaya take neman na gaba. Turawa suna kwatanta wannan da tafiyar tsuntsun fengwin. A Janairun 2017 ƙungiyar likitocin ƙashi ta Jamus ta fito fili ta shawarci jama'a su kwaikwaye shi. Ni dai agwagwa na sani, kuma da na fara ganin manyan mutane da jakar ofis suna wannan tafiya, dariya na yi musu a raina. Ga saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, tafiyar agwagwa a gaban 'yan mata ba ƙaramin abu ba ne, na sani. Amma an ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi tsumma ka ɗaura.

Za ku ji ana koyar da yadda ake faɗuwa: ka lanƙwasa gwiwa, ka manna haɓa a ƙirji don kada ƙeya ta bugu, ka karkata ka sauka a kan tsoka, kada ka sandare gwiwar hannu, ka saki duk abin da kake riƙe da shi ko da waya ce. Duk gaskiya ne. Sai dai faɗuwa ba ta kai ƙiftawar ido biyu ba, ba ta ba ka damar tuna darasi. Abin da ke hannunka shi ne shirin da ka yi tun kafin ka zame: gwiwa a sake take ko a miƙe, hannu yana waje ko yana aljihu, ido yana hanya ko yana kan waya.

Wuraren da suka fi kayar da mutum kuwa ba su da yawa, kuma kullum su ne: takin farko in ka sauko daga bas ko mota, farin fentin tsallaka titi, murfin ƙarfe na magudana, kan gada, da bakin ƙofar gini inda dusar takalman mutane ke narkewa a kan tayil. A Disamba ana kiran magariba kafin ƙarfe huɗu da rabi, don haka dawowa daga aji a duhu ake yi, lokacin da abin da ya narke da rana ya fara daskarewa. Na koma fita da wuri, minti goma sha biyar kafin lokacin da na saba. Jallabiya kuma ina naɗe ta a jaka, in na isa masallaci in sa.

Bayan an cire simintin na sayi but na kirki, na ƙara da robar nan mai ƙusoshi da ake ɗaura wa takalmi a ƙasa. A kan ƙanƙara ba ta da na biyu. Amma ba wanda ya ce mini a cire ta in za a shiga gini. Ranar farko na sauka tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da ita, ƙusa ta haɗu da tayil, na tafi suuu, Allah ya sa hannuna yana kan ƙarfen matattakala. Tun daga ranar nake tsayawa a bakin ƙofa in cire ta in jefa a leda, ko da mutane na jira a bayana.

Na ƙarshe da ƙanƙara ta koya mini a watan Afrilu ne. A 2023 na ga rana ta fara ɗumi, na goge but na tura ƙarƙashin gado. Ranar 5 ga wata verglas ya sauko, rassan itatuwa suka yi ta karyewa, gidaje da shaguna sama da miliyan ɗaya a lardin suka rasa wuta. Azumi ake yi. Da fitilar waya na durƙusa ina lalubo but ɗin, wuyan hannun dama yana ɗan tsukata kamar yadda ya saba in gari ya yi sanyi. Da na samu caji na kira gida, Hajiya ta ce su ma babu wuta, ƙannena sun fita neman ƙanƙara tun azahar ba su samo ba.