Yadda na daina karanta Cohiba da bakin Turanci

Shekara biyu da 'yan watanni na yi ina aiki a wani shago cikin wani babban otal a Dubai. Muna sayar da turare da agogo, a can ciki kuma akwai wani ɗan ɗaki mai sanyi da laima inda ake ajiye tabar nan mai kauri da ake naɗewa da ganye zalla, ba takarda. Masu Sifaniyanci puro suke ce mata. Ni ba na shan taba, kuma ba zan ba kowa shawarar ya fara ba, don na ga yadda take cin ƙirjin mutum. Amma a lokacin nan Allah ya ajiye abincina, kuma ɗakin nan aka damƙa mini.

A makon farko aka ba ni jerin sunayen tabar aka ce in haddace. Na haddace su tsaf, sai dai duk da Turanci na karanta su, domin a kaina duk abin da aka rubuta da boko in ba Hausa ba ne to Turanci ne. Cohiba ina cewa Kohaiba. Romeo y Julieta ina cewa Romiyo way Juliyeta. Da yawa daga masu saye su ma haka suke faɗa, saboda haka babu wanda ya gyara mini. Sai wata rana wani dattijo ɗan Sifen ya shigo ya ce a ba shi Oyo de Monterrey. Na duba takardata a ƙarƙashin harafin O, ban ga komai ba, na ce masa ba mu da ita. Ya dube ni, ya miƙa hannu ta bayan kafaɗata ya nuna akwatin. Hoyo de Monterrey aka rubuta a jiki, kullum sai na goge masa ƙura. Bai ce mini uffan ba, ya biya ya tafi, amma abin ya tsaya mini a rai har dare.

Bayan kamar wata biyu aka kawo wata dattijuwa daga Habana, babban birnin Kuba, ta yi kwana goma a shagon tana naɗa taba a gaban mutane. Irin su torcedor ake kiransu, mace kuma torcedora, ana furtawa torsedora. Kayan aikinta ba su da yawa: wani katako, ɗan kwanon ƙaro, da wata wuƙa mai faɗi marar ƙota da ake kira chaveta. Yatsunta sun rine da ruwan ganye, sun yi launin goro. Takan shimfiɗa ganyen, ta shafe shi da tafin hannu kamar mai lallashin jariri, ta yanke gefensa da jan wuƙa ɗaya. Turancinta kaɗan ne, Sifaniyancina babu, amma da ta ji na ce Kohaiba sai ta ajiye wuƙar ta ce, "Mijo, Ko-i-ba." Mijo ɗin nan, wato miho, ɗana ke nan. Ni kuma na riƙa ce mata maestra, malama, kamar yadda na ji wanda ya rako ta yana faɗa.

Abu na farko da ta sa mini a kai shi ne harafin h ba ya magana a Sifaniyanci. Cohiba Ko-i-ba ce, Behike Be-i-ke, Habanos Abanos. Rubutun da ke ƙasan kowane akwatin tabar Kuba, Hecho en Cuba, in za a rubuta shi da ƙa'idar Hausa Eco en Kuba zai zama, domin ch ɗinsu shi ne c ɗinmu na ciki da cokali. Har H. Upmann, wadda wani Bajamushe ma'aikacin banki ya kafa a Habana a 1844, Ace Upman suke ce mata, don sunan harafin h a wurinsu ace ne. To ina sautin h ɗin ya tafi? Ya koma kan j. A Sifen suna fitar da shi daga maƙogwaro kamar kha ta Larabci, a Kuba kuwa h ce mai laushi irin ta hannu. Julieta Huliyeta ce, Juan López kuma Hwan Lopes. Abin da ya fi zaunar mini da wannan a ƙwaƙwalwa sunaye biyu ne da ke kusa da juna a kantarmu: Hoyo de Monterrey ta Kuba, da Joya de Nicaragua da ake yi a garin Estelí tun 1968. Wadda aka rubuta da h ita ce Oyo, wadda aka rubuta da j ita ce Hoya. Hoyo rami ne ko kwari, sunan wata gona ce a San Juan y Martínez, joya kuma dutse mai daraja.

Daga nan ne na fara lura da abin da ya fi ba ni mamaki, har yau kuma shi nake faɗa wa duk Bahaushen da ya ce yana son koyon wannan harshe. Bakinmu ya fi bakin Bature na Ingila kusa da Sifaniyanci nesa ba kusa ba. Wasulansu biyar ne, a, e, i, o, u, kuma ba sa canza kama: yadda ka gani haka za ka faɗa, daidai da namu. Robusto, Corona, Maduro, Claro, in ka ba ɗan aji uku na firamare a Kano ya karanta da Hausa, in dai ya mai da c ɗin k, zai faɗe su daidai fiye da yawancin baƙin da ke shigo mana. Mu da muka sha bulala a makaranta saboda mun mai da v ta koma b, sai ga shi a Sifaniyanci v da b sauti ɗaya ne. Vitola, wato girma da siffar taba, bitola ce. Vuelta Abajo, yankin lardin Pinar del Río da ake noma ganye mafi daraja, Bwelta Abaho ne. Birnin ma da muke ji a rediyo ana cewa Havana, masu shi La Habana suke rubutawa. Sannan ga r. Bature yakan sha wahala da rr ta Monterrey, mu kuwa da ma muna da r iri biyu, ta baran gidan sarki da ta barar almajiri. Ta biyun za ka ɗauka ka ɗan ƙara karkaɗa harshe. Ranar da na faɗi Monterrey a gabanta ta buga bayan wuƙarta a kan katako sau uku. Daga baya na gane haka masu naɗi ke tafi a masana'anta.

Inda harshena ya ci tura shi ne p. Partagás, Padrón, puro, capa, duk sai iska ta kuɓuce mini su koma f. Ta sa ni rufe leɓe gam kafin in saki sautin, muka yi ta maimaita Partagás da Fuente a jere har na raba su. Sai kuma wurin da ake danna murya. Kalmar da ta ƙare da wasali ko n ko s, gaɓar kusa da ƙarshe ake dannawa, sauran kuma ta ƙarshe, sai fa in an ɗora 'yar alama a kan wasali, to nan murya za ta sauka. Shi ya sa ake cewa Par-ta-GAS, Pa-DRON, Bolívar kuma Bo-LI-bar. Kunnen da ya saba da karin sautin Hausa ba ya daɗewa bai kama wannan ba. Sauran ƙanana ne: ll kamar y take, Ramón Allones ya zama Ayones, qu kuwa k ce, Quintero ya zama Kintero.

Da hannunta ta koya mini sunayen ganye, tana ɗaga kowanne ta sa ni shinshina. Tripa shi ne na ciki, capote ke ɗaure shi, capa ita ce rigar waje mai sheƙi. Cikin tripa akwai ligero, wato lihero, ganyen saman tsiro da ya sha rana, shi ke ba da ƙarfi. Seco na tsakiya ne, shi ke da ƙamshi. Volado na ƙasa ne, shi ke sa wuta ta ci daidai. Ita ba ta ma cewa bolado, bolao take cewa, don mutanen Kuba suna haɗiye d ɗin, kamar yadda suke cinye s ta ƙarshen kalma. A nan na fahimci ko cikin masu harshen akwai Kananci akwai Sakkwatanci, na kuma rage saurin ganin kuskuren baƙi.

Sunayen ma ba daga sama suka faɗo ba. Cohiba kalmar Taino ce, mutanen da Kolumbus ya tarar a tsibirin Kuba a 1492 suna shan naɗaɗɗen ganye. An fara yin tabar Cohiba a 1966 domin Fidel Castro da manyan baƙinsa, ba ta shiga kasuwa ba sai 1982. Montecristo ta 1935 daga littafin Alexandre Dumas ta samo suna, kuma hakan na da nasaba da wata al'ada da ta burge ni ƙwarai: tun 1865 masana'antun Habana ke ɗaukar mutum guda, lector, ya zauna a kan dandamali yana karanta wa masu naɗi jarida da littattafai suna aiki. Maestra ta ce yawancin labaran da ta sani da kunne ta same su, hannunta na kan ganye.

Ana saura kwana uku ta tafi ta ɗaga chaveta ta tambaye ni sunanta a harshenmu. Na ce wuƙa. Ta ce wuka. Na nuna mata maƙogwarona na sake faɗa, ta gwada, ta girgiza kai ta ce a bari sai gobe. Kowace safiya kafin ta taɓa ganye sai ta ɗaga wuƙar ta gwada. A rana ta ƙarshe, tana naɗe kayanta cikin tsumma, ƙ ɗin ya fito sau ɗaya, ta sa na rubuta mata kalmar a bayan wata takardar rasit ta saka a jaka.