Saƙon Godiya Bayan Taron Sauraron Tsofaffin Taken Shirye-shirye

Alhamdu lillahi, taron sauraron tsofaffin taken shirye-shiryen rediyo da talabijin da muka daɗe muna shelarsa, a ƙoƙarinmu na gano makaɗan da suka yi su, ya gudana ranar Asabar, an kuma watse lafiya, sai dai har yanzu gajiya ba ta gama sakina ba. Waɗanda suka bi mu tun farko sun san irin faɗi-tashin da aka yi, don haka ba zan maimaita ba.

Taken tashoshin ƙetare bai wahalar da mu ba, domin masu shi sun rubuta tarihinsa. Kiɗan Lillibullero da BBC ta daɗe tana sakawa kafin labarai ya samo asali ne tun ƙarni na 17, na Muryar Jamus kuwa an tsakuro shi daga Fidelio ta Beethoven, har ma gangar da aka san Rediyon Najeriya da ita ana danganta ta da Timi na Ede, wato sarkin garin Ede, Oba Adetoyese Laoye. Namu na gida ne ya jiƙa mana aiki. Tun 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Arewa a nan Kaduna, talabijin ya koma ƙarƙashin hukumar talabijin ta ƙasa, NTA, a 1977, rediyo ya shiga hukumar rediyon tarayya, FRCN, a 1978, kuma a tsawon waɗannan shekaru kalangu da goge da algaita sun buɗe shirye-shirye masu yawa. Amma a kwalayen faifan da suka zo hannunmu, sunan shiri kawai ake gani, ba a ganin na wanda ya yi kiɗan. A ganina wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Al'ada ta hana a ware wasu a wajen godiya, amma akwai mutum biyu da ba zan iya yin shiru a kansu ba. Ta farko ita ce Hajiyarmu ta Tudun Wada, wadda ta buɗe akwatin ƙarfen marigayi maigidanta ta ba mu faifan zare guda ɗaya tilo da ya bari. Da aka ɗora shi a na'ura sai ya fara ƙara, zaren yana mannewa, wani baƙin datti yana taruwa a kan na'urar, ni kuwa jikina ya ɗauki rawa, domin amana ce kuma ba shi da kwafi. Baba Injiniya na Unguwar Rimi, wanda shi ne na biyun, ya kashe na'urar nan take, ya bayyana mana cewa faifan wancan zamani yakan sha danshi har danƙon da ke riƙe da maganaɗisunsa ya yi laushi, kuma maganinsa shi ne a gasa shi da ɗan zafi, kimanin digiri 50 a ma'aunin Celsius, na tsawon sa'o'i, sannan a kwafe shi da wuri. Na kasa amincewa sai da na kira Hajiya, muryata tana sarƙewa. Abin da ta ce shi ne, "Ɗana, ku gasa shi. In ya lalace na yafe, gara ya lalace a hannun masu nemansa da ya ruɓe a akwati."

Baba bai runtsa ba a daren nan, kuma ya ƙi karɓar ko kwabo. Da faifan ya huce aka juya shi, kafin goge ya tashi sai muka ji muryar mai shirya shirin yana kiran magogin da sunansa, yana ce masa ya ɗan matso kusa da makirufo. Sunan kawuna ne, yayan mahaifiyata, wanda tun muna yara muke jin raɗe-raɗin cewa shi ya goga taken, babu mai tabbatarwa.

Allah Ya saka wa Hajiya da mafificin alheri, Ya jiƙan maigidanta, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, Ya albarkaci zuriyarsa, Ya sa wannan aiki a mizaninsa. Matasan Panteka da suka samo mana bel ɗin na'ura, da matan da suka dafa abincin baƙi, da dattawan da suka taso daga Zariya da Kafanchan, Allah Ya biya muku bukatunku na duniya da lahira, Ya jiƙan kawu da dukan makaɗan da muka girma da jin hannunsu.

Kujerun da muka ware wa dangi a sahun gaba, har aka shafa fatiha yawancinsu babu kowa a kai, alhali an kai goron gayyata gida-gida. Wataƙila uzuri ne ya riƙe su, wataƙila kuma har gobe akwai masu jin nauyin a ce jininsu magogi ne. Ban riƙe kowa a zuci ba. Kwafin faifan yana wurina, duk wanda yake so ya aiko a tura masa. Saura taken algaita guda da muke ci gaba da neman mai shi, muna roƙon tsofaffin ma'aikata da iyalansu su duba akwatunansu kafin damina ta kankama.